Digirin Tarihi da Neman Abin Yi: Nazarin Lamarin Wata 'Yar Kano, 2017 zuwa 2025

Asali, 2012 zuwa 2017

Matar da wannan nazari ya bi 'yar cikin birnin Kano ce, ta uku a gidan wani mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Ba za a ambaci sunanta ba, haka nan makarantu da ofisoshin da ta ratsa. A 2012 ta cike fom ɗin JAMB tana neman karatun lauya a wata jami'ar tarayya da ke Arewa maso Yamma. Makinta ya isa shiga jami'a, amma bai kai na tsangayar shari'a ba, sai sunanta ya fito a sashen tarihi. Wannan sananniyar hanya ce. Wanda ya nemi lauya ko aikin jarida bai samu ba, sau da yawa tarihi ake tura shi, ko nazarin zamantakewa, ko harsuna. Ta karɓa da niyyar sauya kwas bayan shekara guda, ba ta kuwa sauya ba.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2013, wanda ya fara a Yuli ya ƙare a Disamba, ya ja mata karatun. Ta kammala a 2017 da sakamakon 2:2, wato ƙaramin mataki na daraja ta biyu, wanda ke ƙasa da 2:1.

Akwai abu ɗaya a shekararta ta ƙarshe da ya kamata a riƙe. Furojet ɗinta a kan kaɗi da saƙa ne a gidajen cikin birni, wato yadda matan kulle suke sarrafa auduga su aika da zare kasuwa kafin masaƙun zamani su karya sana'ar. Rubuce-rubuce a kan wannan ba su da yawa, don haka dole ta bi tsofaffi gida-gida. Ta zauna da mata sama da 20, ta naɗi muryarsu a waya, ta dawo ta rubuta abin da suka faɗa baki da baki. Malamin da ya duba aikin mutum ne mai tsanani. Kowace hira sai ta sa sunan mai magana da unguwa da ranar zama da ƙiyasin shekarunta, kuma duk maganar da tsohuwa ɗaya ce kaɗai ta faɗa, sai ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta, "Wa ya tabbatar?" Ya kuma tura ta gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ta duba rahotannin Turawan mulki a kan cinikin auduga. A lokacin, wahala kawai ta ɗauki abin.

Kasuwar aikin da ta fito ta tarar kuwa ƙuntatacciya ce. Tun zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa, ya rage na zaɓi a babbar sakandare, inda 'yan kaɗan ke ɗauka. Bayan haka, digirin tarihi zalla ba takardar koyarwa ba ne a ƙa'idar hukumar rajistar malamai ta TRCN. Sai an haɗa da takardar horon malanta.

Bautar ƙasa, Afrilu 2018 zuwa Maris 2019

An tura ta Jihar Neja, aka ba ta wata sakandaren gwamnati da babu ajin tarihi. Darasin gwamnati ta koyar da na ilimin zama ɗan ƙasa. Alawus a lokacin naira 19,800 ne a wata. Ta shiga adashi da abokan hidima, ta kuma yi aikin wucin gadi a rumfar zaɓe ranar 23 ga Fabrairu da ranar 9 ga Maris 2019. Ta dawo gida da naira 120,000 a ajiye. A sansani an koya musu haɗa sabulu na 'yan kwanaki a shirin koyar da sana'a, ba ta sake komawa kansa ba.

A makarantar ta zauna ɗaki ɗaya da wata 'yar Zariya da ta karanta nazarin zamantakewa. Sun rabu da lambar juna a waya.

Shekarar cike fom, 2019

Daga Afrilu zuwa Agusta aikinta shi ne zuwa shagon intanet. Bankuna suna neman 2:1 da ƙananan shekaru; shekarunta 25 sun yi daidai, sakamakon bai yi ba. Sanarwar kamfanoni takan jero lissafin kuɗi da tattalin arziki da harkar gudanarwa da injiniya, wani lokaci a ƙara da cewa "ko wani fanni makamancin haka", amma ba ta taɓa jin an kira ta ba ta wannan ƙofa. Hukumomin masu kaki su ne ke karɓar kowane digiri. Ta nemi kwastan da shige da fice. Mahaifinta bai so ba, domin bai manta da turmutsutsun jarrabawar shige da fice ta Maris 2014 ba, inda masu neman aiki suka mutu a filayen wasa bayan kowa ya biya naira 1,000. Ya dai ƙyale ta. Ba a kira ta ko jarrabawa ba.

A watan Yuli baffanta ya zo wa mahaifinta da magana. Ya ce ya san wani da ya san wani a wata hukumar tarayya a Abuja, kuma akwai gurbi.

"Yaya," in ji shi, "aikin gwamnati yanzu ba a samunsa da takarda tsirararta. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Mu da ba mu da kowa a can, sai mu sayi miyar."

An biya naira 450,000 kashi biyu. Bayan mako shida aka kawo takardar kama aiki mai tambari da sa hannu. Ta je Abuja tare da yayanta, jami'in da ke kula da ma'aikata ya duba jerin sunaye bai ga nata ba, ya ce lambar da ke kan takardar ma ba irin tasu ba ce. Da dattawan unguwa suka shiga maganar, dillalin ya dawo da naira 200,000. Sauran sun bi ruwa. Gidan ya rufe zancen don kunya, kamar yadda gidaje da yawa suke yi. Sai a 2023, lokacin da wani kwamitin majalisar wakilai ya yi zaman jin bahasi a kan sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, jama'a suka ji a fili irin girman wannan kasuwa.

Makarantar kuɗi da atamfar bashi, Satumba 2019 zuwa Disamba 2020

A Satumba ta kama koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a kan naira 15,000 a wata, tana ɗaukar darussa huɗu. Mafi ƙarancin albashi ya riga ya zama naira 30,000 tun Afrilun shekarar, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, makarantar kuwa ba ta kai ba. Adaidaita sahu yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin.

A Maris 2020 aka rufe makarantu saboda korona, a tsakiyar Afrilu aka kulle Kano. Tunda iyaye ba sa biya, mai makaranta ma bai biya ba, har zuwa Oktoba.

A wannan zaman ta gwada abu uku. Ta sayi fom ɗin digiri na biyu a tarihi, sai ASUU ta shiga yajin aikin da ya kai daga Maris zuwa Disamba, fom ɗin ya kwanta. Ta cike fom ɗin N-Power, shirin gwamnatin tarayya na bai wa matasa aikin wucin gadi, rukuni na uku da aka buɗe a Yunin 2020, mai biyan naira 30,000 a wata. Mutum sama da miliyan 5 suka nema, sunanta bai fito ba. Na uku shi ne kasuwanci. Ta zuba ajiyarta ta bautar ƙasa a atamfa da leshi, tana saro wa a hannun abokan mahaifinta tana tallatawa a WhatsApp. Kayan sun tafi kafin babbar sallah, amma mafi yawa bashi, kuma masu bashin inna ce da gwaggo da matar yaya, waɗanda ba a bi su da takarda. Zuwa Disamba abin da ke hannunta bai kai rabin jarin ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa rashin aikin yi na ƙarshen wannan shekara a kan kashi 33.3 cikin 100.

Aikin kwana 12, Fabrairu 2021

'Yar Zariyar nan ce ta kira. Wani kamfanin bincike da ke yi wa ƙungiyoyin lafiya aiki yana neman mata masu jin Hausa da Turanci da za su shiga gidaje a wasu ƙananan hukumomin Kano su yi tambayoyi a kan awon ciki da haihuwa da abincin yara. Maza masu neman aikin sun yi yawa, matan ne ba su isa ba, kuma gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa namiji iyakarsa zaure. Za a yi horo na kwana uku, sannan aikin kwana 12 a kan naira 7,000 kullum, ban da kuɗin mota. Ba wanda ya tambayi abin da ta karanta.

Ta sami mahaifinta. "Baba, ƙauye za a riƙa zuwa, amma a ƙungiya, kuma kullum za mu kwana a gida." Ya amince da sharaɗin ta dawo kafin isha'i. Mai makaranta bai amince da hutun ba, ya ɗauki wata a madadinta.

Tambayoyin suna cikin ƙaramar kwamfutar hannu mai manhajar KoboToolbox, a taɓa amsa a wuce. Wannan ba shi da wuya. Mai wuyar ita ce tambaya ta biyu a fom ɗin: shekarunki nawa? Yawancin matan ba su da takardar haihuwa. Mace za ta yi dariya ta ce, "Ke dai ki rubuta abin da kika gani." Masu tambaya sai su duba fuska su rubuta 20 ko 25 ko 30. A ƙarshen kwana biyu shugaban tawagar ya nuna musu jadawali, shekarun duk sun taru a kan lambobin da suka ƙare da sifili da biyar, abin da masana ƙididdiga suka daɗe suna kuka da shi. Na yara ya fi damunsa, domin awon tamowa da na rigakafi a kan watanni ake lissafa su. In aka ƙara wa yaro wata shida a takarda, lafiyayye sai ya koma tsumburarre.

Ita wannan matsala ta san ta tun zamanta da tsofaffin masu kaɗi. A daren ta ɗauki takarda ta jero abubuwan da mutanen ƙasar Kano ba sa mantawa, kowane da shekararsa: rikicin Maitatsine a Disamba 1980, canjin kuɗi na 1984, fashewar dam ɗin Bagauda a 1988, annobar sanƙarau ta 1996, rasuwar Abacha a Yuni 1998, ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, faɗuwar jirgi a Gwammaja a Mayu 2002, husufin rana na Maris 2006, rasuwar Sarki Ado Bayero a Yuni 2014. Ga yara kuma ta yi wani jerin na kusa: babbar sallar 2019 a Agusta, kullen korona a Afrilu 2020, ƙaramar salla a Mayu, sai damina da kaka da hunturu a tsakaninsu. Duk garin da suka sauka, kafin a shiga gidaje takan zauna da matar mai unguwa ko ungozoma ta ƙara abin da ya shafi garin: yaushe aka naɗa dagaci mai ci, wace shekara kasuwa ta ƙone, yaushe aka kawo lantarki.

Da wannan takarda tambayar ta sauya. Maimakon "shekarunki nawa", sai ta ce, "Yaya, lokacin da Abacha ya rasu kina gidanku ko an kawo ki ɗaki?" Ko ta ce, "Da aka hana fita saboda cutar nan, kin haife shi ko kina da cikinsa?" In amsar ta yi rauni sai ta nemi ta biyu daga uwar miji ko kishiya, kamar yadda malaminta ya saba tilasta mata. Hirarta ta fi ta kowa daɗewa, har direba ya riƙa mita. Amma a kwana na biyar shugaban tawagar ya ga fom ɗinta ne kaɗai ke da 23 da 27 da 31. Ya karɓi takardar, ya buga ta, ya raba wa duk tawagogin.

Ta tashi da naira 84,000, fiye da albashin wata biyar a makarantar da ta bari.

Daga ƙauye zuwa tebur, 2021

Bayan tambayoyin gida-gida akwai zaman tattaunawa, inda ake tara mata takwas ko goma a naɗi hirarsu. Dole wani ya rubuta hirar da Hausa, sannan ya mayar da ita Turanci ga masu rubuta rahoto. Shugaban tawagar ya ba ta faifai uku ta gwada.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Ba ta da kwamfuta, sai ta rubuta da hannu ta kai wa mai buga takardu a bakin titi. Ya haɗe maganar mutum biyu wuri ɗaya, ya zubar da haruffa masu lanƙwasa, ya tsallake shafi guda. Aka dawo mata da aikin. Ban da haka an ja mata kunne cewa hirar sirri ce, ba a kai ta shago. Ta haɗa abin da ya rage na jarin atamfa da kuɗin aikin ƙauye ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, ta shafe kusan wata biyu tana koyon bugu da Excel daga bidiyon YouTube, tana kai caji maƙwabta in babu wuta. Faifan awa ɗaya yakan ci mata awa biyar zuwa shida kafin a zo ga fassara, musamman in mata suna magana a tare, ga kukan goyo, ga akuya a tsakar gida.

Ta kuma yi rajista a shafukan intanet na neman aikin fassara daga ƙasashen waje. Ba abin da ya fito sai tayi mai arha da wahalar karɓar kuɗi. Ayyukan da suka zo duk ta bakin mutane suka zo, yawanci daga zaurukan WhatsApp na masu aikin tattara bayanai, inda shugaban tawaga ke cewa yana neman mace biyu gobe, wani ya jefa sunanta.

A shekarar ta yi zagaye huɗu na aikin ƙauye da 'yan faifai a tsakani. Wata guda kuɗi, wata biyu shiru. A gida kuma har lokacin ana ce mata mai zaman jiran aiki.

Takarda ta biyu, 2022

Ta koma wurin malamin furojet ɗinta da maganar farfaɗo da digiri na biyu. Bai ƙarfafa ta ba. Ya ce digiri na biyu a tarihi hanyar mai son zama malamin jami'a ce, guraben kuwa kaɗan ne, kuma da 2:2 za ta sha jira. "Ki fara samun takardar da ke da sunan aiki a jikinta," in ji shi. "Karatu ba ya gudu."

"To Malam, wacce?"

Ya ce difloma ta horon malanta ga masu digiri, wato PGDE. Ta yi rajista da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedkwata a Kaduna, wadda ke darussanta a ƙarshen mako a cibiyoyi cikin jihohi. Wannan ya bar mata ranakun aiki. Ya kuma fitar da ita daga yajin aikin ASUU na 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, wanda ya zaunar da 'yar Zariyar wata takwas a tsakiyar digirinta na biyu. Da ta gama, ta rubuta jarrabawar TRCN ta kwamfuta ta sami rajista.

A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da tarihi makarantun matakin farko, tare da horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Ba ta cikinsu. Amma daga nan manyan makarantun kuɗi suka fara cigiyar malamin tarihi mai rajista.

A Disamba aka ɗaura mata aure. Sun yi yarjejeniya da mijin cewa babu aikin kwana a waje. Ko ba don aure ba, ayyukan da ke kai mutum ƙauyukan Katsina da Zamfara sun riga sun zama na kasada saboda 'yan bindiga. Wannan ya rage mata aikin ƙauye, ya tura ta ga rubuta hira da duba bayanan da wasu suka tattaro.

2023 da 2024

Ta sa rai a ƙidayar jama'a da aka shirya yi a Mayu 2023, ta nemi aikin wucin gadi, sai aka ɗage ƙidayar ana saura kwanaki. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin yini na masu aikin ƙauye kuwa bai motsa ba sai bayan watanni.

Abin da ta gyara a wannan shekara shi ne takardar bayanin kanta, wato CV. Tsohuwar ta fara da makarantun da ta yi tun firamare, ta ƙare da cewa tana son karatu da tafiye-tafiye. Sabuwar ta fara da aiki: zagaye nawa ta yi, a waɗanne ƙananan hukumomi, gidaje nawa, awa nawa na hira ta rubuta ta fassara, waɗanne manhajoji ta iya, da mutum biyu da za a iya kira su shaide ta. Digirin ya koma shafi na biyu. Tunda ayyukan kamfanoni sirri ne, samfurin da take haɗawa shafi uku ne daga hirarta da wata tsohuwa mai kaɗi a 2017, Hausa a hagu, Turanci a dama.

A Maris 2024 ta sami kwantiragin shekara ɗaya a wani kamfanin bincike a kan naira 220,000 a wata. Aikin shi ne horar da mata masu tambaya, duba bayanai kowace yamma, da rubuta taƙaitaccen rahoto. Sanarwar ta nemi masu digirin lafiyar al'umma ko nazarin zamantakewa. Takardarta ta kai teburin tantancewa ne domin shugaban tawagarta na 2021 ya kira ya ce a duba ta. A Yulin shekarar mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, wato tana karɓar fiye da ninki uku.

Janairu 2025 zuwa yau

Ranar 20 ga Janairu 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kuma daga baya aka rushe hukumarta ta ba da tallafin, wato USAID. Aikin da take kai yana cikin waɗanda aka ce a tsaya. Kwantiragin ya ƙare ba a sabunta ba. Abokan aikinta masu digirin lafiyar al'umma ma gida suka koma, har da waɗanda suka girme ta a aikin.

Ta yi wata biyu a zaune. A zangon karatu na uku ta kama koyar da tarihi da darasin gwamnati a wata babbar makarantar kuɗi a kan naira 90,000, kuma rajistar TRCN na cikin abin da aka fara tambayarta. Da yamma tana rubuta hira da fassara ga masu digiri na uku da 'yan ayyukan bincike da suka rage. In an haɗa, wata mai kyau takan kai naira 140,000, ƙasa da na 2024, ga tsadar kaya. Wasu masu kawo aiki yanzu na'ura suke fara ba wa faifan, su kawo mata ta gyara a kan rabin kuɗi, alhali gyaran hirar mata goma da na'ura ta cakuɗa kusan daidai yake da farawa daga tushe. A Satumba 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta wajabta tarihin Najeriya daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, makarantar ta ƙara mata azuzuwa.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Abubuwan da suka faɗi tsakanin 2019 da 2020 suna da kama da juna. Fom ɗin banki da na kwastan da na N-Power duk wurare ne da dubban mutane ke miƙa takarda iri ɗaya, mai tacewa kuma sunan kwas da daraja kawai yake gani. A irin wannan layi mai digirin tarihi da 2:2 ba shi da abin nunawa. Sayen gurbi yunƙurin tsallake layin ne, kuma naira 250,000 da ta salwanta a can ta fi abin da ta kashe a kwamfuta da PGDE in an haɗa. Atamfa kuwa ba rashin iya talla ne ya kashe ta ba, bashin dangi ne, kuma babu ruwanta da abin da ta shekara biyar tana koyo.

Abin da ya ɗaga ta yana cikin digirin tun farko, sai dai ba a rubuta shi a jikin takardar ba. Zama da baƙo a sa shi ya saki jiki, gano shekara ta hanyar abin da ya faru, ƙin yarda da baki ɗaya sai an sami na biyu, rubuta magana yadda aka faɗe ta: wannan shi ne aikin ɗalibin tarihi, kuma shi ne abin da kamfanin bincike ke biya. A nan nake ganin gazawar sassan da ke koyar da irin waɗannan fannoni. Ɗalibin injiniya yana fita koyon aiki na SIWES ya ga inda ake sayen iliminsa. Na tarihi yana gamawa ba wanda ya taɓa gaya masa cewa furojet ɗin da ya ɗauka azaba ce ita kaɗai ce shaidar aikin da yake da ita. Ita sai da ta yi kusan shekara huɗu da kammalawa ta gano haka, shi ma bisa katari.

Shawarar malaminta ta fito da amfaninta a 2025. Aikin bincike yana da tsoka, amma igiyarsa tana hannun masu ba da tallafi a wata ƙasa. Koyarwa ba ta da kuɗi sosai, amma ba ta ɗaukewa da sa hannun mutum ɗaya. Da ta yi PGDE tun 2019 maimakon zaryar shagon intanet, da ba ta karɓi naira 15,000 ba, ko da ta karɓa da ba ta daɗe a kai ba.

Kada kuma a ɗauki lamarinta a auna kowa da shi. Kasancewarta mace ya buɗe mata ƙofar da abokan ajinta maza ba su da ita. Da yawansu jam'iyya suka bi, ko kasuwa, ko aikin kaki bayan dogon jira. Tana zaune a Kano, inda irin waɗannan kamfanoni ke da ofis. Turancinta na rubutu mai kyau ne, abin da ba kowane mai digiri ke da shi ba. Mahaifi da miji sun ba ta izini. Sannan sanayya ta yi aiki sau biyu, a kiran 2021 da na 2024, sai dai mutanen da suka kira sun ga aikinta da idonsu, ba kuɗi aka ba su ba.

Makarantar da take yanzu ba ta biyan fansho, hutun haihuwa kuma babu albashi. Don haka duk lokacin da jiha ta yi sanarwar ɗaukar malamai tana cike fom, yanzu da lambar rajistarta ta TRCN a kai.